A Ɗebi Jinin Kare Kafin a Yi Masa Allura

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla.

A ce an kawo maka kare. Kwana uku bai ci abinci ba, jiki zafi zau, ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi fari fat, fitsari ya yi ja kamar ruwan tsatsa. Ka shafa bayan kunne, ga kaska ta ƙoshi. Nan take hannu zai kai ga allura. Roƙona a yau guda ne: a ɗebi jini tukuna. Da zarar magani ya shiga jiki ƙwayoyin cutar za su ragu, ka share sawun ɓarawo da hannunka ke nan.

Zargi na farko a irin wannan kare shi ne Babesiya, ƙwayar cutar da ke shiga jajayen ƙwayoyin jini ta fasa su. Sunan wani likita ɗan Romaniya ta ci, Victor Babes, wanda ya gan ta a jinin shanu a 1888. A 1893 masu bincike biyu, Smith da Kilborne, a Amurka suka tabbatar kaska ce ke yaɗa ta.

To, daga ina za a ɗebi jinin? Nan ake yawan kuskure. Jajayen ƙwayoyin da suka kamu sun fi taruwa a ƙananan hanyoyin jini, saboda haka bakin kunne ya fi babbar jijiyar ƙafa. Ka aske gashin wurin kaɗan, ka tsira allura, ɗigon farko shi ne naka. Ka shimfiɗa shi siriri a kan gilashi, ya bushe, ka zuba rinin Gimsa, ka sa a madubin likita. Ka bi gefe-gefe da wutsiyar shimfiɗar. Babesiya akwai manya, akwai ƙarama. Manyan za ka gan su biyu-biyu cikin ƙwaya ɗaya, kamar ɗigon hawaye biyu sun haɗa tsini. Ƙaramar kuwa, gibsoni, ɗan zobe ce ko ɗan ɗigo, har sabon ɗalibi kan ɗauke ta dattin rini. Kuma bambancin ba na ado ba ne: maganin imidokab na yi wa manyan aiki, amma gibsoni sai an haɗa mata atobakwon da azitromaisin.

Yanzu ku ba ni hankalinku. Ka duba gilashi ba ka ga komai ba, kada ka rubuta "babu". Rubuta "ban gani ba". Karen da cutar ta daɗe a jikinsa, ƙwayoyin kan yi ƙaranci har ido ya wuce su. A nan gwajin PCR ke shigowa, wanda ke laluben ƙwayar halittar cutar, ya kuma gaya maka ko wace iri ce. Gwajin garkuwar jiki shi ma yana da gurbinsa, sai dai labarin jiya yake bayarwa: ya nuna kare ya taɓa gamuwa da cutar, alhali a kwanakin farko na kamuwa yana iya cewa lafiya lau.

Sauran ƙwayoyin cutar da ke kama kare, kowace da maɓoyarta. Hefatozun a fararen ƙwayoyin jini take zama, kuma, abin mamaki, ba cizon kaska ke kawo ta ba, kare ne ke haɗiye kaskar. Sammore, wanda tsando ke yaɗawa, yawo yake cikin ruwan jini. A zuba jinin a siririn bututu, a juya shi a na'ura har ya rabu, a duba farin layin da ke tsakiya, za ka ga ƙwayoyin suna wutsil-wutsil. Karen da idonsa ya yi hazo kamar hakiya ga zazzaɓi, a tuna da sammore.

Lishmaniya ta fi ba ni tsoro, don ta shafi mutum. Ƙudan rairayi ke ɗaukar ta daga kare ya kai wa ɗan Adam, kuma kare na iya riƙe ta watanni ba alama. Ita da wuya ka same ta a shimfiɗar jini. A kaluluwa ko ɓargo ake tsotso ta da allura, a haɗa da gwajin garkuwa.

Na ga hannu can baya. Bismillah, ɗiyata, ɗaga murya.