Yadda Ake Koyon Ba da Labari da Hoto

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da ku ɗalibai maza da mata da kuka cika zauren nan. An nemi in yi magana a kan yadda ake koyon ba da labari da hoto, wato irin hoton da ake ɗaukar rayuwar mutane tana cikin gudana, ba tare da an ce wa kowa ya gyara hula ko ya kalli kyamara ba. Abin da zan tsaya a kai guda ɗaya ne. Danna kyamara shi ne mafi sauƙi a cikin wannan sana'a, kuma yawancinku kun riga kun iya shi da wayoyin da ke aljihunku. Labarin yana samuwa ne a zaman da mai hoto ya yi da mutanen kafin ya danna, da zaɓen da ya yi a cikin abin da ya ɗauko, da kuma bayanin da ya rubuta a ƙasan kowane hoto.

Zan fara da aikin da malaman wannan fanni suka daɗe suna koyarwa da shi. A ranar 20 ga Satumba 1948, mujallar Life ta Amurka ta buga jerin hotunan da W. Eugene Smith ya ɗauka na wani likitan karkara, Dakta Ernest Ceriani, wanda shi kaɗai ne likita a garin Kremmling na jihar Kolorado da ƙauyukan da ke kewaye da shi, yana duba mutane kusan 2,000. Smith ya yi kwana 23 yana bin likitan duk inda ya sa ƙafa, dare da rana. An ruwaito cewa a kwanakin farko yana danna kyamarar babu fim a cikinta, domin likitan da majinyatansa su saba da ƙararta har su daina lura da ita. Ku lura da wannan da kyau, domin mutumin da ya san ana ɗaukarsa yakan nuna fuskar da yake so a gani, kuma sai bayan ya gaji da riƙe wannan fuskar sannan aikin mai hoto yake farawa.

Hoton da ya buɗe jerin yana nuna likitan yana ratsa wani fili mai ciyawa da jakarsa a hannu, hadari ya haɗo baƙi ƙirin a bayansa. Kafin mai kallo ya karanta kalma ɗaya, ya riga ya san wane ne mutumin, ya san irin wurin da yake aiki, ya kuma ga babu mai rakiya. Can cikin jerin akwai wata ƙaramar yarinya da doki ya harba a ka, likitan ya sunkuya a kanta yana ɗinke raunin, amma idanunsa sun bar yarinyar suna kallon wani wuri, domin ya fahimci ba zai iya ceto idonta ba, kuma shi ne zai fita ya gaya wa iyayenta. Wajen ƙarshe kuma sai ga shi a ɗakin girkin asibiti bayan tiyatar da ta kai tsakar dare, bai cire rigar tiyata ba, ya jingina da kantar kicin, kofi a hannu ɗaya, taba a ɗayan, kansa a sunkuye. Idan aka ciro wannan hoton shi kaɗai, mutum ne gajiyayye a kicin, ba wani abu ba. Hotunan da suka gabace shi ne suka gaya wa mai kallo abin da ya gajiyar da shi.

Bari mu kawo wannan darasi gida, mu ce an tura ɗayanku marinar Ƙofar Mata a Kano. Kusan duk wanda ya je can da kyamara yakan dawo da hoto iri ɗaya, dattijo zaune a bakin rami yana ɗaga ƙyalle mai shuɗi. Hoton yana da kyau, amma an ɗauke shi sau dubbai, kuma abin da yake faɗa bai wuce cewa a Kano ana rini ba. Wanda yake son labari zai fara da gaisuwa, ya nemi shugaban masu rini ya gabatar da kansa, ya faɗi abin da zai yi da hotunan, sannan ya sami wuri ya zauna, kyamara a jaka. Yana zaune zai ga cewa ramukan da ake aiki a cikinsu ba su kai waɗanda suka bushe yawa ba, kuma wannan shi ne hotonsa na faɗi, wanda zai hau wuri mai tudu ya ɗauka da sassafe, lokacin da rana take kwance, inuwa tana fito da bakin kowane rami. Zai ga yadda ake haɗa baba da toka da ruwa a bar su kwanaki su yi, yadda ake juya ruwan da dogon itace har kumfa ta taso, yadda ƙyalle yake fitowa da launin kore sannan iska ta mayar da shi shuɗi a gaban idonsa. Zai matsa kusa ya ɗauki hannun marini, inda shuni ya shiga ƙarƙashin farce da tsagar fata, ya zauna daram, sabulu ba ya fitar da shi. Daga nan zai bi ƙyallen baya, zuwa cikin gidajen da mata suke ɗaure shi da zare kafin a kawo rini, inda mace mai kyamara za ta shiga cikin sauƙi, namiji kuwa sai da izinin maigida, wani lokacin ma ba zai samu ba. Zai kuma bi shi gaba zuwa wurin mabuga, inda ake dukansa da manyan guduma na itace har ya yi ƙyalli, sannan zuwa hannun mai saye. Idan ya ga ɗan marini ya dawo daga makaranta ya wuce ramin mahaifinsa bai tsaya ba, ko kuwa ya tuɓe riga ya kama aiki, ko wanne ya faru a cikin biyun yana cikin labarin, kuma ba a samunsa a ziyarar awa ɗaya.

Game da kusantar mutane, Bahaushe ya gama magana da ya ce zuwa da kai ya fi aike. Ɗalibai da yawa suna tsayawa nesa su janyo hoto da yatsa a fuskar waya, saboda kunyar yin sallama. Hoton da aka janyo daga nesa yana fitowa a daskare, mutanen cikinsa kamar an leƙo su ta katanga, kuma mai kallo yana jin haka ko da bai san dalili ba.

Yanzu ga aikin da ya fi wuya, wanda kuma ba a cika koyar da shi ba, wato zaɓe. Mai hoto zai dawo da hotuna ɗari biyar, labarin kuwa goma sha biyu yake bukata. Aikin kamar shiƙar hatsi ne, abin da iska ke kwashewa ya fi abin da ke saura a ƙwarya yawa. Shawarata ita ce ku wanke hotuna talatin ƙanana, ku shimfiɗa su a ƙasa, ku yi ta sauya musu wuri har kowane ɗaya ya zama yana ƙara abin da na gabansa bai faɗa ba. Idan biyu suna faɗar magana ɗaya, ɗaya ya fita, ko da kuwa shi ne wanda kuka sha wahalar ɗauka, domin mai kallo bai ga wahalar ba. Ku kuma sani cewa mai zaɓe yana da iko babba. A shekarun 1930, lokacin karayar tattalin arzikin Amurka, gwamnatin ƙasar ta ɗauki masu hoto su nuna halin da manoma ke ciki, a ƙarƙashin wani jami'i mai suna Roy Stryker, wanda yakan rubuta musu jerin abubuwan da za su nema kafin su fita, kuma a farkon aikin yakan huda fim ɗin duk hoton da bai yi masa ba, yadda ba za a ƙara amfani da shi ba. Hotunan wannan aiki, kimanin 175,000, suna ajiye a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, har da masu hujin. Duk wanda ya duba su zai ga cewa fuskar talaucin Amurka da duniya ta sani, wani ne ya zauna a ofis ya zaɓo ta.

Daga cikin wannan aikin ne aka samu hoton da Dorothea Lange ta ɗauka a watan Maris na 1936 a Nipomo ta jihar Kalifoniya, na wata uwa da ta dafe haɓa da yatsu, yara biyu sun juya baya sun jingina da kafaɗunta, jariri a cinyarta. Hoton ya yi aiki, domin bayan jarida ta buga labarin gwamnati ta aika da abinci sansanin masu tsinkar wake inda aka ɗauki hoton. Sai dai Lange mintoci kaɗan ta yi a wurin, kuma ba ta tambayi matar sunanta ba. Aka rubuta a ƙasan hoton cewa ma'aikatan tsinkar wake ne da suka rasa abin yi. Sai a 1978 aka san sunanta Florence Owens Thompson, 'yar ƙabilar Cherokee, kuma iyalinta suka ce motarsu ce ta lalace suka tsaya a wurin, suka musanta maganar da aka yaɗa cewa sun sayar da tayoyinsu don su ci abinci. Matar ta yi shekara 42 fuskarta tana yawo a duniya ba suna, ba ta kuma sami ko kwabo daga hoton ba. A ganina wannan babban hoto ne da aka haɗa da bayani mai rauni, kuma kyan hoton bai wanke wannan gazawar ba.

Ku kwatanta da Lewis Hine, tsohon malamin makaranta wanda daga 1908 ya riƙa shiga masaƙu da mahaƙan kwal na Amurka yana ɗaukar yaran da ake sa wa aiki. Masu masana'antu ba sa son ganinsa, saboda haka yakan shiga a matsayin mai duba kayan kashe gobara ko mai talla. Ya san tsawon kowane maɓalli na rigarsa daga ƙasa, yadda idan yaro ya tsaya kusa da shi zai san tsayinsa ba tare da ya fito da magwaji ba, kuma yana rubuta suna da shekaru da lada da awannin aiki a ɓoye cikin aljihu. Wannan rubutun ne ya sa masu masana'antu suka kasa cewa hotunan ƙarya ne, har suka zama hujja a fafutukar da ta kai ga dokar hana aikin yara ta 1938. Saboda haka kowannenku ya riƙe ƙaramin littafi. Suna, wuri, kwanan wata, abin da ke faruwa, da maganar mutumin daidai yadda ya faɗe ta, a rubuta su nan take, ba sai an koma gida ana lalube a ƙwaƙwalwa ba.

Sauran maganata a kan amana ce. Smith ɗin da muka fara da shi ya zauna da matarsa Aileen a garin Minamata na Japan daga 1971, suna ɗaukar mutanen da gubar da kamfanin Chisso ya zubar a teku ta nakasa, har aka yi masa dukan da ya raunana masa gani a 1972. Hotonsa mafi shahara daga can na wata uwa ce tana yi wa 'yarta nakasasshiya wanka, kuma da yardar uwar aka ɗauke shi. Yarinyar ta rasu a 1977. Bayan shekara ashirin iyayenta suka nuna suna son a bar 'yarsu ta huta, Aileen kuma a lokacin ta daina ba da izinin buga hoton, duk da cewa yana cikin mafiya daraja a tarihin wannan sana'a. Yardar da aka ba ka yau tana da iyaka, kuma mai ba da ita yana iya janye ta. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin almajiri da ɗan gudun hijira da majinyaci su ne mutanen da suka fi sauƙin ɗauka a garuruwanmu, saboda ba su da ƙarfin cewa a'a. Yaro ba a ɗaukarsa sai da sanin malaminsa ko iyayensa, kuma a gaya wa kowa a fili cewa hoton zai hau intanet, inda ba a iya cire shi.

A nan aikin Fati Abubakar ta Maiduguri yake da abin koyi. A 2015, lokacin da hotunan da ke fitowa daga Borno ba su wuce na kango da gawa ba, ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram, tana ɗaukar 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu biki, tana sa maganar kowa a ƙasan hotonsa. Ba ta ɓoye yaƙin ba, yana nan a cikin abin da mutanen suke faɗa, amma ta nuna su da sana'arsu da adonsu, kamar yadda 'yar gari ta san su.

Aikin da zan bar muku kafin zama na gaba shi ne kowa ya zaɓi mutum ɗaya mai sana'a a unguwarsu, wanda zai iya kai wa da ƙafa, ko mai shayi ko ungozoma ko maƙeri. Ziyarar farko ta gaisuwa da neman izini ce, ba a fito da kyamara. Bayan haka ku koma a lokuta dabam-dabam, da asuba da tsakar rana da bayan magariba, har tsawon mako biyu. Ku kawo hotuna goma sha biyu a jere, kowanne da bayaninsa, ba a goge komai ba a ƙara komai a ciki, gyaran haske kaɗai aka yarda da shi. Kafin ku kawo nan, ku wanke su ku kai wa mai sana'ar ya gani, ku rubuta abin da ya ce, wannan ma za mu karanta shi a aji. Yanzu sai mu saurari tambayoyi, mu fara da layin baya.