Yadda ake ɗaure jirgin mai a tsakiyar teku

Laccar da wani injiniya ya gabatar wa ɗaliban tsangayar injiniya a Samaru, Zariya. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa a wurin.

Assalamu alaikum. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Malamaina, ɗalibai maza da mata, barkanmu da yamma.

Daga 2005 zuwa yau Najeriya ta buɗe manyan filayen mai a teku mai zurfi: Bonga a 2005, Erha a 2006, Agbami a 2008, Akpo a 2009, Usan a 2012, sai Egina a ƙarshen 2018. A Bonga zurfin ruwan ya haura mita 1,000, a Egina kuwa daga 1,400 zuwa 1,700 yake. Babu ƙafar ƙarfe da za a kafa a irin wannan zurfi ta biya kuɗinta. Saboda haka jirgi ake girkewa, wanda ma'aikata ke kira FPSO, shi ke karɓar mai daga rijiyoyi, ya raba shi da ruwa da gas, ya adana, har tanka, wato jirgin dakon mai, ta zo ta ɗauka. Na Egina tsawonsa mita 330, cikinsa na ɗaukar ganga miliyan 2.3. Kuma so ake ya zauna wuri ɗaya shekara 20 ko fiye, ba tare da ya koma tasha ba.

Abin da nake so ya zauna muku tun yanzu shi ne, mai tsara ɗaurin nan iyaka yake shata wa jirgin, don hana shi motsi gaba ɗaya ba ya yiwuwa. Duk wanda ya taɓa turke bijimin kiwo ya san in ka gajarta igiya ta yi tamau, ranar da ya fizga ko ta tsinke ko turken ya tuge. In kuma ka sake ta da yawa, sai ya kai bakinsa gonar maƙwabci. Gonar a nan ita ce bututan da ke hauro da mai daga ƙasan teku zuwa jirgin. In jirgi ya gusa fiye da kima sai su lanƙwashe ko su ɓalle, shi ya sa galibi ba a barin gusawar ta wuce kashi 10 cikin 100 na zurfin ruwan.

Tsohuwar dabara, wadda har yau take aiki, nauyin sarƙa ce. Sarƙa mai kaurin milimita 120, mita ɗaya tak ta kusa kilo 290, kuma sai an ja ta da ƙarfin da ya haura tan 1,300 kafin ta tsinke, in ƙarfen mai daraja ne. Ana sako ta daga jirgi ta sauka a lanƙwashe, ragowar ta kwanta a ƙasan teku har zuwa anga, wato ƙarfen da ke kafe ƙarshenta a ƙasa. Iska ta tura jirgi, sai ya ɗago wani sashe na sarƙar da ke kwance, nauyinta kuma ya dawo da shi a hankali. Amma a zurfin mita 1,500, in ka ce sarƙa zalla za ka yi, nauyinta kaɗai zai cinye kayan da jirgin zai ɗauka. Sai aka koma haɗi: sarƙa a sama, igiyar waya a tsakiya, sarƙa kuma a ƙasa inda ake gogayya da laka. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Petrobras na Barazil ya fara amfani da igiyar foliyesta. Ba ta da nauyi a ruwa, ana ɗaure ta a miƙe, talewarta ce ke shanye fizgar.

Igiya miƙaƙƙiya tana jan anga sama, angar da aka saba da ita kuwa jan kwance kawai take jurewa. Nan turken zuƙa ya shigo. Ƙaton bututun ƙarfe ne, faɗinsa kamar mita 5, tsawonsa ya kan wuce mita 20, bakinsa na ƙasa a buɗe, na sama a rufe. A sauke shi ya nutse cikin laka da nauyin kansa, sannan a zuƙe ruwan da ke ciki da famfo, sai matsin ruwan teku ya danna shi har ya shige. 'Yan sashen gine-gine, wannan darasinku ne na ƙarfin ƙasa, ba a canza masa komai ba sai wurin aiki.

Yanzu batun alkibla, kuma nan ne tekunmu ya bambanta. A Tekun Arewa na Turai guguwa na zuwa ta ko'ina, don haka ake tara igiyoyin a ginshiƙi ɗaya jirgin ya riƙa juyawa a kansa yana fuskantar iska. A mashigin tekun Gini raƙuman ruwa kusan kullum daga kudu maso yamma suke, kuma ba su da tsanani. Sai a juya goshin jirgi can, a ɗaure shi ta kusurwa huɗu, an huta da tsadar ginshiƙi. Matsalarmu hadarin gabas ne. Kun san shi a nan Zariya farkon damina: gari ya yi tsit, gabas ta yi baƙi, cikin 'yan mintuna iska ta taso tana kwashe kwanon rufi kafin ɗigon ruwa ya sauka. Irinsa na afka wa teku, ya bugi jirgin da ba ya iya juyawa ta gefen da ya fi faɗi. A ruwanmu sau da yawa shi ke yanke kaurin sarƙar da za a saya.

Ƙa'idar cibiyar man fetur ta Amurka ta ce a lissafa da guguwar da ake sa ran irinta sau ɗaya a shekara 100. In igiyoyi duka lafiya, kada ja ya wuce kashi 60 na ƙarfin tsinkewa. In ɗaya ta tsinke, sauran kada su wuce kashi 80. A watan Fabrairun 2011 guguwa ta tsinka huɗu cikin sarƙoƙi goma na jirgin Gryphon Alpha a Tekun Arewa, ya gusa ya lalata bututan da ke ƙasa, aka fi shekara biyu ba a haƙo mai ba.

Ni dai abin da ya fi damuna gajiyar ƙarfe ce. Kowane raƙumin ruwa, duk daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, yana ja ya saki, dare da rana. Ku lissafa, sau miliyoyi ke nan a shekara. Ƙaramar tsaga ta fara a kafaɗar zobe ɗaya, tana ci ba wanda ya gani. A Angola, a filin Girassol, sarƙoƙin tulun lodin mai, wato ƙaton tulun ƙarfe mai iyo inda tanka ke ɗaukar mai, sun tsinke a 2002, ba su cika shekara ɗaya a ruwa ba, alhali an tsara su don shekara 20. Bincike ya nuna idan ja ya yi tsanani, zobe da zobe sukan cije su ƙi juyawa a kan juna, sai zoben da ke bakin mashigar sarƙa ya riƙa tanƙwaruwa ta gefe. Lissafin lokacin bai san da wannan ba, yanzu kuwa dole ne a duba shi. Ku ƙara da tsatsa. Ruwanmu mai ɗumi ne, akwai ƙwayoyin halitta da ke cin ƙarfe su bar ramuka a jikinsa, fiye da yadda aka saba gani a ruwan sanyi inda aka rubuta yawancin ƙa'idojin. Mu ya kamata mu yi wannan bincike. Dokar 2010 ta tanadi a fifita 'yan ƙasa a ayyukan mai, kuma nazarin tsagar ƙarfe a ɗakin gwaji ake yin sa, ko a Samaru ko a Fatakwal.

Wata ɗaliba ta yi tambaya: Malam, in igiya ta tsinke a can ƙasa, ta yaya na cikin jirgi za su sani?

Madalla, 'yata. Ba kullum suke sani nan take ba, don sauran igiyoyin kan ɗauke nauyin, kuma an sha samun wadda ta yi watanni a tsinke kafin a gano. Shi ya sa ake maƙala na'urar auna karkatar kowace sarƙa a inda ta fita daga jirgi, ana kuma bin matsayin jirgin da tauraron ɗan'adam. In tsakiyar zamansa ta gusa gefe ɗaya ta ƙi dawowa, sai a saukar da na'urar nutso mai kyamara ta bi igiyoyin wancan gefe ɗaya bayan ɗaya, ta kankare halittun ruwan da suka manne, ta auna kaurin zoben.