Lacca: Rage Kutsen Manyan Tashoshi a Ƙananan Rediyoyin Masu Sha'awa

Assalamu alaikum. Jama'a ku ɗan matso gaba, na baya ba sa ji. Abubuwa huɗu zan taɓo a kan yadda manyan tashoshin watsa labarai ke danne mana ƙananan rediyoyin da muke fita da su fili, mu masu rediyon sha'awa, wato masu magana da juna ta rediyo don sha'awa kawai.

Na farko, mu san su wane ne maƙwabtanmu. A Afirka da Turai, rabonmu a zangon mita 40 daga kilohaz 7000 ne zuwa 7200. Daga nan zuwa sama filin tashoshin gajeren zango ne, Muryar Najeriya ma ta daɗe tana amfani da 7255. Kafin 2009 har 7100 suke saukowa, taron ƙungiyar sadarwa ta duniya na 2003 a Janiba ne ya matsar da su sama. Mutumin da kake neman ji yana magana da wat 100 ko ƙasa da haka, su kuwa wasunsu kilowat 250 ne, wasu 500. In magariba ta yi, sai su sauko kanka gaba ɗaya.

Na biyu, kuma don Allah ku kasa kunne, yawancin kutsen nan ba daga iska yake zuwa ba, a cikin rediyonka ake haifarsa. In sigina ta fi ƙarfin sashen farko na rediyo, sai ya fara gurɓata ta, kamar lasifikar gidan biki da aka ƙure, murya na fita tana kakkaryewa. Tashoshi biyu sai su cakuɗu su haifi ta uku, wadda babu wanda ya watsa ta. Ku ɗauki biro. A ce akwai tasha a 7255, wata a 7400. Ninka ta farko sau biyu, 14510. Cire 7400. Nawa ya rage? 7110! Tsakiyar filinmu ke nan. Sai ka ji ana karanta labarai a 7110 ka ce an shigo mana gona, alhali babu wanda ya shigo.

To ga abin da yake faranta mini rai. Wannan siginar ƙarya, in ka rage abin da ke shigowa da desibel 1, wato ma'aunin ƙarfin sigina, ita sai ta faɗi da 3. In ka danna maballin nan da aka rubuta ATT, mai rage ƙarfin siginar da ke shigowa, ka rage desibel 10, wanda kake saurare ya ragu da 10, ita kuwa ta faɗi da 30. Ku sake ji: 10 a nan, 30 a can. Wane ciniki ne ya fi wannan riba? Amma mutanenmu ba sa son taɓa maballin. Na ga Alhaji yana murmushi, na san nasa ko ƙura ba a taɓa gogewa ba. Kowa so yake allurar da ke nuna ƙarfin sigina ta haura. A mita 40 da dare, hayaniyar sararin sama ta riga ta fi hayaniyar cikin rediyonka nesa ba kusa ba, saboda haka in ka rage ba ka yi asarar komai ba. Kuma gwaji ne kyauta: ka danna, in tashar ta ɓace ɗungurungum, ta ƙarya ce. In ta ɗan ragu kawai, ta gaskiya ce. Ka kuma kashe na'urar ƙara ƙarfi tun farko.

Shi ya sa nake ƙin doguwar waya a kan ƙaramar rediyon da aka ƙera don eriyar sanda. Ka rataya mata waya mai tsawon mita 30 a kan bishiyar darbejiya, ai ka shaƙe ta. Haka 'yar na'urar RTL-SDR da samari ke maƙala wa kwamfuta don sauraren rediyo, bit 8 kawai take da shi, ba ta da juriya.

A na nawa muke? To, sauran a gurguje. Matatar sigina, wato na'urar da ke tace abin da ke shigowa: in kana kusa da tashar matsakaicin zango, wato tsakanin kilohaz 531 da 1602, sa matatar da ke tare duk abin da ke ƙasa da kimanin 1700. Sai eriyar zobe da ake saitawa, tana zaɓar wuri siriri, kuma kana iya juya ta har tashar da ta dame ka ta dusashe. Akwai kuma...

(Wani daga cikin mahalarta: Malam, ni 'yar rediyon hannu ta Baofeng gare ni. In na hau dutse kusa da turken FM sai ta kurumce, ko abokina ba na ji.)

Yauwa, ɗan'uwa, ciwo ɗaya ne. FM tana tsakanin megahaz 87.5 da 108, kai kana 144 zuwa 146, amma ƙofar waɗannan ƙananan rediyoyin a buɗe take, tacewarsu kaɗan ce. Kai ba ka jin waƙar tashar, sai dai rediyon ta toshe. Ka cire babbar eriyar ka mayar da 'yar gajeriyar da ta zo da ita, ka gani ko abokin naka zai dawo. Ka sauko kaɗan, ka sa dutsen tsakaninka da turken. In za ka sayi matatar da ke tare zangon FM, ka duba wat nawa take ɗauka, don da yawansu na saurare ne kawai, in ka yi magana ta cikinsu sai su ƙone. Ka zo da ita bayan sallah mu duba tare.