Za'afaran da ciwon damuwa: ina gaskiya, ina ƙarin gishiri?

Jama'a, assalamu alaikum. Kafin mu shiga magana, ku dubi kofunan nan biyu. Ruwan randa ne a ciki, mai sanyi. A na dama zan jefa zare huɗu na za'afaran da Gwaggo ta kawo tsaraba daga Umra, wanda sai da na yi ta lallashi kafin ta buɗe akwati ta tsakuro mini. A na hagu kuma ga wanda na saya nan Yamai a hannun wani mai talla, ƙullin dala ɗari, har da gyara. To, mu bar su su jiƙa, za mu dawo kansu.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, saƙonni ne suka ishe mu a WhatsApp. Wai za'afaran yana yaye damuwa, yana kawo barci, yana rage ƙiba, yana gyara ido, yana wanke fata, sai ka ce gidan likita ne guda aka ɗura a kwalba. A cikin wannan tuli akwai magana ɗaya da ke da madogara, ita ce ta damuwa, kuma a kanta za mu fi daɗewa.

Da farko dai, za'afaran ba kurkum ba ne. Kurkum saiwa ce da ake dakawa, amma da yake a Faransanci wasu kan kira shi safran na Indiya, sai ruɗanin ya biyo mu har cikin miya. Za'afaran na gaske daga fure yake fitowa, fure mai launi irin na ɓawon albasar Galmi. Shukar ba ta yin iri ko kaɗan. Ƙwayarta da ke ƙarƙashin ƙasa, mai kama da ƴar ƙaramar albasa, ita ake tonowa a rarraba a sake binnewa. Sau ɗaya take fure a shekara, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, na makonni biyu ko uku. Tun da asuba ake fita tsinka kafin rana ta yi zafi, sannan a zauna a zare jan zaren da ke tsakiyar furen da yatsa. Zare uku kacal a kowane fure. Kafin a tara kilo guda busasshe sai an tsinki fure wajen 150,000. Ke nan giram ɗaya, fure 150. Ku riƙe wannan lissafin a zuciya, ku tuna da ƙullina na dala ɗari.

Kusan kashi 90 cikin 100 na za'afaran ɗin duniya daga Iran yake, galibi yankin Khurasan. Sauran kuma Kashmir, Afganistan, Sifaniya, Girka, da nan kusa da mu, garin Taliwin na Maroko.

Mu ma ba baƙonmu ba ne. Malaman zaure sun daɗe suna rubutun sha da tawadarsa a farin faranti, kuma duk wanda ya karanta babin aikin Hajji ya san an hana mai harami sa tufar da aka rina da shi. Ibn Sina, babban likitan nan da ya rasu a 1037, ya lissafa shi cikin abubuwan da ke faranta zuciya. Shekaru kusan dubu bayansa, likitocin ƙasarsa suka ce bari su gwada maganar da ma'auni.

A 2004, wasu likitoci a jami'ar koyon aikin likita ta Tehran, ƙarƙashin Farfesa Shahin Akhondzadeh, suka ɗauki mutum 30 masu ciwon damuwa wanda bai yi tsanani ba. Ba ɓacin ran yini ɗaya ake nufi ba, irin na wanda aka ɗauke wa wuta da tsakar zafin Afrilu. Ana nufin mutum ya shafe makonni ba walwala, abinci ba ɗanɗano, barci ya ƙaurace masa, fadar da ya saba zuwa shan shayi ma ta fita ransa. Aka raba su gida biyu. Rabi aka ba su miligiram 30 na za'afaran kullum a cikin kafso, rabi aka ba su imipramine, tsohon maganin asibiti. Ba marar lafiyan ba, ba likitan da ke duba shi ba, babu wanda ya san wa ya sha me. Bayan mako shida, sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ya zo kusan daidai, sai dai masu shan maganin asibiti sun fi kukan bushewar baki da kasala.

A 2005 suka sake, da mutum 40, wannan karon da fluoxetine, wanda duniya ta fi sani da Prozac. Nan ma kunnen doki. A shekarar dai suka gwada shi da kafson bogi, wanda ba komai a cikinsa, kuma za'afaran ya yi masa fintinkau. Wannan gwajin na ƙarshe shi ya fi muhimmanci a wurina, don sau da yawa mutum yakan ji sauƙi kawai saboda ya haɗiyi abu da yaƙinin magani ne. Duk abin da ya zarce wannan, to da abin da yake yi.

Me ke cikinsa? Sinadarai uku ne manya. Kurosin shi ke ba da launin, safranal shi ne ƙamshin, pikrokurosin kuma ɗacin. Masana suna ganin biyun farko suna taimaka wa serotonin, wani ɗan saƙo da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna, ya ɗan ƙara jimawa yana aiki, kusan hanyar da fluoxetine ke bi. A jikin ɓeraye aka fi nuna haka.

Yanzu ga inda masu talla ke yin shiru. Mutum 30, mutum 40, ai ko ɗaurin auren unguwa ya fi haka jama'a. Mako shida ko takwas kuma gajeren zango ne ga ciwon da kan ɗauki watanni. A 2019 wasu masana suka tattara gwaje-gwaje 23 suka auna su tare. Sun ce lallai alamar amfani tana nan, ga damuwa da fargaba. Amma sun ja kunne a kan abu biyu: mafi yawan binciken daga ƙasa ɗaya ya fito, sannan akwai alamar cewa gwajin da ya ba da sakamako mai daɗi shi aka fi bugawa. Ban ce likitocin Iran sun yi ƙarya ba. Amma in mai tuwo ya ce tuwonsa da daɗi, hankali ya fi kwanciya in maƙwabci ma ya ɗanɗana. An yi wasu gwaje-gwajen a Ostireliya, sun nuna amfani, sai dai bai kai girman na farko ba. Masu damuwa mai tsanani kuwa, da ma ba su aka gwada ba.

Sauran da'awoyin, mu bi su da sauri. Ƙunci da saurin fushin da wasu mata ke fama da shi gab da al'ada: an gwada a mata 50 a 2008, an ga sauƙi. Raunin gani na tsufa: ƙaramin gwaji a Italiya a 2010 ya ba da fata. Rage ƙiba: iyakarsa wasu mata sun rage ciye-ciye tsakanin abinci. Ciwon daji: a kwanon gwaji ne da jikin dabbobi, bai kai matsayin magani ga mutum ba. Zancen cewa mai ciki ta sha da madara ta haifi farin jariri kuwa tatsuniya ce, launin fata gado ne.

Tun da mun zo kan masu ciki, iyaye mata ku saurara da kyau. Ɗan abin da ake barbaɗawa a shinkafa ko shayi ba shi ne matsala ba. Amma da yawa, za'afaran yana motsa mahaifa, yana iya ɓarar da ciki, don haka mai ciki ta bar kafsonsa. Ga kowa ma, giram 5 a tashi ɗaya ya zama guba, giram 20 yana iya kisa. Abin da aka gwada miligiram 30 ne a yini, wato giram ɗaya ya wuce wata guda. Ko a wannan awon wasu kan ji ciwon kai, tashin zuciya ko jiri. Mai shan maganin hawan jini, ko na tsinka jini, ko na damuwa, ya tambayi likita tukuna. Mai ciwon nan da kan jefa mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsanancin ƙunci, ya nisance shi, yana iya tayar masa da zumuɗin. Kuma don Allah, kar wanda ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa don ya ga wannan bidiyo. Wanda ya kai yana jin rayuwa ta ishe shi, yau ɗin nan ya faɗa wa na kusa da shi, a raka shi gidan likita. Babban asibitin ƙasa na nan Yamai yana da sashen da ke duba irin wannan.

Wanda ya ga zai gwada, ya nemi kafso a farmasi, mai awo rubuce a jiki, don na gwaje-gwajen nan tatacce ne aunanne, ba tsunkule ba.

To, mu koma ga kofunanmu. Minti goma sha biyar ke nan. Dubi na Gwaggo: ruwan ya koma ruwan ɗorawa a hankali, garai-garai, zaren kuma yana nan ja wur. Na ɗauko ɗaya na murza, bai narke ba. Ku matso ku ga bakinsa, a buɗe yake kamar bakin kakaki. Ƙamshinsa tsakanin zuma da busasshiyar harawa, a harshe kuma ɗaci-ɗaci.

Na dala ɗari kuwa, tun ina sallama ya rine ruwan ja jawur kamar zoɓo. Ga zaren ya koma fari fat, siriri, ba baki ba kai. Ga yatsuna duk rini. Wannan gemun masara ne.