Diyaucin Ƙasa da Makunnin da ke Hannun Maƙwabci

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya bi ta Yamai, Maraɗi ko Damagaram tun ƙarshen watan Yulin 2023, ya ji kalma ɗaya a bakin babba da yaro: diyauci. "Zancen ƙasa ne," in ji matasan da suka yi ta kwana a bakin sansanin sojojin Faransa da ke Yamai. Kuma sun samu abin da suka nema. Jakadan Faransa ya bar Nijar a watan Satumba, sojojinta kimanin 1,500 suka gama ficewa a watan Disamba, na Amurka su ma suka naɗe tabarmarsu daga sansanin jirage marasa matuƙa na Agadas a 2024. Ni ban ga laifin wanda ya yi guɗa a kan wannan ba. Ƙasar da ta karɓi 'yancinta tun ranar 3 ga Agustan 1960 tana da ikon ta ce wa baƙon da ke riƙe da bindiga a cikin gidanta ya tashi.

Sai dai abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, wanda Janar Abdurahaman Tiani ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, ya nuna mana cewa sojan waje shi ne mafi sauƙin kora a cikin abubuwan da ke ɗaure wa ƙasa hannu. Soja yana da kaki, ana ganinsa, ana iya nuna masa hanyar filin jirgi. Sauran igiyoyin ba a ganinsu sai ranar da aka ja su.

Ranar 30 ga Yuli shugabannin ECOWAS, wadda 'yan Nijar ke kira CEDEAO, suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba takunkumi. Kwanaki kaɗan bayan haka Najeriya ta katse wutar lantarkin da take turawa ta layin Birnin Kabi zuwa Yamai. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, wani ma'aikaci ne kawai ya sauke makunni a wata tashar da ke wajen ƙasar. Ku tuna da tela da ke zaune gaban kekensa na lantarki yana jiran a kawo wuta, da mai sayar da ƙanƙara, da mai ciwon sukari da allurarsa ke buƙatar firji. Waɗannan mutane ba su san an shirya juyin mulki ba, ba wanda ya shawarce su, amma su suka biya farashinsa. Ga kuma madatsar ruwan Kandaji a jihar Tillaberi, wadda aka aza harsashinta tun 2008 zamanin Tandja Mamadou da fatan ta samar da megawat 130. Da masu ba da kuɗin aikin suka riƙe hannunsu bayan juyin mulki, sai kamfanin ƙasar Sin da ke ginin ya dakatar da aiki. Abin da aka yi niyyar ya raba Nijar da wutar aro, shi ma da kuɗin aro ake gina shi.

Batun kuɗi ya fi na wuta zafi, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Sefar da ke aljihun ɗan Nijar ba a Yamai ake yanke hukunci a kanta ba. Babban bankin da ke kula da ita, BCEAO, yana Dakar, ƙasashe takwas ne ke da shi, kuma darajar kuɗin a ɗaure take da Yuro: sefa 655.957 a kan Yuro ɗaya. Da takunkumi ya zo, aka rufe wa gwamnatin Nijar asusunta da ke wannan banki. Kuɗinta ne, amma mabuɗin ba ya hannunta. Ta kasa cin sabon bashi a kasuwar yankin, ta kasa biyan na baya, har abin da ake binta wanda wa'adinsa ya wuce ya haura dala miliyan 500 a watan Fabrairun 2024. Masu ba da tallafi daga Turai da Bankin Duniya suka dakatar da nasu. A watan Oktoban 2023 hukumomin soja suka zaftare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin 100, daga sefa tiriliyan 3.29 zuwa tiriliyan 1.98. Wannan adadi kaɗai ya isa ya faɗa mana nawa ne daga cikin abin da gwamnati ke kashewa a makaranta da asibiti da hanya yake fitowa daga aljihun wasu. Dattawanmu ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi, mutum ya kwanta da jaka goma ya tashi tana sayen kayan waje na jaka biyar.

Mai saurare zai ce, to a buga kuɗin kai mana. Magana ce mai daɗin ji, kuma ba haramun ba ce. Amma mu lura: Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancensu na AES a Satumban 2023, sun sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata a Janairun 2025, amma ba su taɓa sefa ba. Shugabanninsu sun san tarihin Mali, wadda Modibo Keita ya fitar da ita ya buga mata kuɗinta a 1962, ta sha wahalar faɗuwar darajarsa, ta dawo cikin sefa a 1984. Takardar kuɗi ba ta da wuyar bugawa. Wuyar tana wajen samun abin da zai tsaya mata, wato kayan da ƙasa ke sayarwa waje da ajiyar da ta tara. Mu a Najeriya da ke da Nairarmu ai mun ga yadda shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 da sakin darajar Naira a Yunin 2023 suka yi da albashin ma'aikaci. Kuma ita Nijar ɗin da ta kori Faransa, a 2024 ta koma teburin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ta karɓi kuɗi bisa sharuɗɗansa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sai kuma teku, wanda Allah bai ba Nijar ba. Shinkafa, magani, kayan gyaran mota, yawancinsu ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano a ƙasar Benin suke sauka, su bi hanya zuwa Malanbil, su haye gada zuwa Gaya. Da aka rufe gadar, sai aka koma kwale-kwale. A sauke buhu daga tirela a wancan gaci, ɗan dako ya ɗora a ka ya kai bakin ruwa, mai jirgi ya haye da shi, a sake biyan wani ɗan dakon a wannan gaci. Kowane hannu da buhun ya bi yana ƙara masa kuɗi, kuma uwar gida da ke awon tiya a kasuwa ita ce ke biyan jimillar. Manyan motoci kuwa suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, suna tafiya a ayari da rakiyar sojoji saboda 'yan bindiga. ECOWAS ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma a wannan karon Yamai ce ta ƙi buɗe gadar, tana zargin Benin da ba sojojin Faransa mafaka, zargin da Benin ta musanta.

A kan wannan gada rigimar mai ta tashi. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga rijiyoyin Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. A Afrilun 2024 Nijar ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin, a kan za ta biya da man da ba a riga an sayar ba, har da kuɗin ruwa a kai. A watan Mayu Shugaba Patrice Talon na Benin ya ce ba za a yi lodin man ba muddin iyaka na rufe. Wa ya shiga tsakani har jirgin farko ya ɗauki kaya? Ƙasar Sin, domin kuɗinta ne a ciki. Man na Nijar ne, bakin bututun na ƙasar Benin, mai bin bashin yana Beijin. Haka ma yuraniyom na Arlit: gwamnati ta ƙwace lasisin mahaƙar Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2024, ta mayar da kamfanin haƙar yuraniyom na Somair mallakin ƙasa a Yunin 2025, Orano kuwa ya garzaya kotun sasanta rikicin masu zuba jari da ke ƙarƙashin Bankin Duniya. Yarjejeniyoyin da gwamnatocin baya suka sa wa hannu suna nan da ransu, kuma mai saye a kasuwar duniya yana duba su kafin ya miƙa kuɗi.

Kada a ɗauka ƙaramar ƙasa ce kaɗai ake ɗaure wa hannu. Abuja ma ta gamu da nata cikas, kuma wannan ne ɓangaren labarin da ya fi faranta mini rai. Da aka yi barazanar tura sojoji Yamai, Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon baya. Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka je, Muhammadu Sanusi na II ya je, tawagar malamai ta je. Dalili a bayyane yake: iyakar nan mai tsawon kimanin kilomita 1,500 ta ratsa jihohi bakwai, daga Kabi zuwa Borno, kuma ta ratsa tsakiyar dangi. Ba yadda za a yi a ce wa mutumin Jibiya ya yaƙi Maraɗi, ko na Illela ya yaƙi Ƙonni, alhali gwaggonsa na aure a can. Motocin albasa da suka ruɓe a bakin iyaka hasarar ɓangarorin biyu ce. Zumuncin da ya girmi taswirar Turawa ya hana gwamnati mafi ƙarfi a yankin yin abin da ta furta.

Abin da nake roƙon masu mulkin Yamai da masu mara musu baya shi ne su faɗa wa jama'a gaskiyar lissafin. Sauya Faransa da Rasha ko Sin sauyin mai bin bashi ne, sai fa idan an buɗe takardun yarjejeniyar kowa ya karanta, abin da ba a yi ba a zamanin farar hula, kuma bai kamata a ci gaba da ɓoyewa da sunan kishin ƙasa ba. Diyaucin nan na 'yan ƙasa ne, ba na mai riƙe da fadar shugaban ƙasa ba. A Maris na 2025 an rantsar da Janar Tiani a kan wa'adin shekara biyar, an rusa jam'iyyun siyasa, ba tare da an kai akwatin zaɓe ƙauye ko ɗaya ba. Manomin Dakwaro da aka ce an ƙwato masa 'yanci daga Faransa yana da haƙƙin ya tambayi nawa aka sayar da gangar man Agadem, kuma ina kuɗin suka shiga.

A watan Maris ɗin nan dai na 2025 aka yi ta dogayen layuka a gidajen mai na Yamai. Matatar Soraz da ke Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, ta kasa wadatar da ƙasar, domin fetur ɗin Najeriya mai arha da ke shiga ta bayan fage ya ja baya tun da aka cire tallafi a 2023. Wata biyu kacal bayan ficewa daga ECOWAS, Abuja aka aika tawaga neman tankokin mai, kuma Abuja ta bayar.