Gidan Giya a Layinku: Ina Ake Kai Ƙara a Legas?

Kun san takardar lasisin nan da ke rataye a bango bayan kantar gidan giya? Ita ce ke ruɗa mutanenmu a Agege, Obalende da Idi-Araba. Ƙarfe biyun dare kiɗa na girgiza tagogi, an fasa kwalabe a bakin titi, da safe dattawan layi su je su yi magana, mai gida ya nuna bango: "Ina da lasisi." Shi ke nan, kowa ya koma gida yana cizon yatsa.

To ku tsaya mu duba ta da kyau.

Wa ya ba shi? Ƙaramar hukuma. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa ba da lasisin sayar da giya da kula da ita cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ba hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ba ce, ita kayan da ke cikin kwalbar take yi wa rajista. Kuma nan ba Kano ba ce, babu Hisba, don haka ku daina jiran motarsu.

Ga inda ake kuskure: takardar nan izinin sayarwa ce kawai. Ba ta ba shi damar ƙure lasifika har asuba ba. Ba ta ba shi damar jera kujeru a kan titi ba, har su tare wa mai shayi hanya. Ba ta kuma wanke wanda ya sha ya ɗauki kwalba ya fasa wa wani kai ba. Kowane da ofishinsa. Hayaniya ta LASEPA ce, hukumar kare muhalli ta jihar, kuma ta sha garƙame mashaya da gidajen rawa kan ƙara. Majami'u da masallatai ma ba su tsira ba, gara mu faɗi gaskiya. Faɗa da rauni na 'yan sanda ne. Karya sharuɗɗan lasisin kuwa, sai sakatariyar ƙaramar hukumar da ta sa hannu.

Masu sayar da paraga, wato barasar da ake jiƙa da saiwoyi, a tasha fa? A 2012 dokar hanya ta Legas ta hana sayar da giya a tashoshin mota. Ko ana bi, ku leƙa tasha ku yi hukunci da idonku.

A ganina, ƙorafin mutum ɗaya ba ya nisa. Ku rubuta takarda da sunan 'yan layi, har da maƙwabta Yarbawa da Inyamurai, don su ma ba sa barci. Ku haɗa da bidiyo mai nuna lokaci, ku karɓi kwafi mai hatimi kafin ku bar ofishin.