Amsoshin Tambayoyinku: Wa'adin Tallafin Amurka ga 'Yan Afganistan Masu Biza ta Musamman

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wani mai sauraronmu ya rubuto mana daga Maraɗi yana tambaya game da 'yan Afganistan da suka yi wa sojojin Amurka aiki, aka ba su biza ta musamman suka koma can da zama. Yana so ya san ko tallafin da gwamnati ke ba su yana da wa'adi, in kuwa yana da shi, tsawon wane lokaci ne.

To malam, an fara ba tafintocin sojoji wannan biza ne a shekarar 2006, sannan a 2009 Majalisar Dokokin Amurka ta faɗaɗa ta zuwa ga sauran waɗanda suka yi wa gwamnatin ƙasar aiki a Afganistan, tare da matansu ko mazajensu da 'ya'yansu marasa aure da ba su kai shekara 21 ba. Duk wanda ya shiga da ita yana samun izinin zama na dindindin tun ranar da ya sauka. Sai dai a nan ne gizo ke saƙar, domin wata doka da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996 ta wajabta wa yawancin masu irin wannan izini jiran shekara biyar kafin su ci moriyar tallafin abinci ko inshorar lafiya ta Medicaid. Dokar ta ɗauke wa 'yan gudun hijira wannan jira, amma a idonta waɗannan bayin Allah ba 'yan gudun hijira ba ne, ko da yake barazanar Taliban ce ta raba su da gidajensu.

A watan Disamba na 2007 majalisar ta ba su tallafi irin na 'yan gudun hijira, amma na wata shida kacal. 'Yan Iraƙi masu irin wannan biza sun samu wata takwas a Janairun 2008, su kuwa 'yan Afganistan sai a Maris na 2009 aka daidaita su da takwarorinsu. Ku dubi magidancin da ya sauka da iyalinsa a watan Afrilu: kafin shekara ta fita katin sayen abincinsa ya daina aiki, yana tsaka da neman aiki, uwargida ba ta gama koyon Turanci ba, kuma sai ya cika shekara biyar kafin ya sake nema. An kawar da wannan wa'adi ne a ranar 19 ga Disamba, 2009, lokacin da Shugaba Barack Obama ya rattaba hannu kan dokar kasafin ma'aikatar tsaro, wadda ta mayar da su daidai da 'yan gudun hijira a fannin tallafi.

Wannan daidaito bai sa tallafin ya zama na har abada ba, domin kowane shiri yana da nasa wa'adin. Kuɗin tsofaffi da naƙasassu na SSI shekara bakwai ne, kuma galibi sai mutum ya zama ɗan ƙasa zai ci gaba da karɓa bayan haka. Tallafin iyalai masu 'ya'ya na TANF bai wuce wata 60 a tsawon rayuwa, wasu jihohi ma sun rage shi. Wanda ya fi ɗaukar hankali shi ne kuɗin hannu da na magani da ofishin tsugunar da 'yan gudun hijira ke ba waɗanda ba su cancanci waɗancan shirye-shirye ba, irin gwauraye da ma'auratan da ba su da 'ya'ya. Tun 1991 wata takwas ne, a 2022 aka mayar da shi wata 12, sannan daga watan Mayu na 2025 aka zaftare shi zuwa wata huɗu. A ganinmu wata huɗu ya yi kaɗan ƙwarai ga mutumin da ya sayar da ransa yana tafinta a fagen daga, ya kuma iso ƙasar da ko lasin tuƙinta bai mallaka ba.

Akwai kuma abin da ke cin mutane da yawa: ana fara lissafin watannin ne daga ranar da mutum ya shiga Amurka da bizar, ba daga ranar da ya je ofis ya cike takarda ba, don haka duk watan da ya yi jinkiri ya wuce ke nan.

Wata mai sauraro kuma ta tambaya ko wannan bayani ya shafi dubban mutanen da aka kwashe da jiragen sama bayan faɗuwar Kabul a ranar 15 ga Agusta, 2021. Malama, yawancin waɗannan sun shiga ne da izinin jinƙai na wucin gadi, don haka sai da majalisar ta yi musu doka ta daban a ƙarshen Satumbar 2021, wadda daga baya aka tsawaita ta har ta haɗa da waɗanda suka shiga tsakanin 31 ga Yuli, 2021 da 30 ga Satumba, 2023. A ƙarƙashin waccan doka, tallafinsu ya riƙa tafiya ne da tsawon wannan izini.